Malam Edita, don Allah a daina dafa shayin ulong kamar shayin Buzu

Assalamu alaikum Malam Edita, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka baki ɗaya, Allah Ya ƙara basira. Ni dai ba marubuci ba ne, ɗan kasuwa ne mai harkar yadi a Kantin Kwari, sai a yi haƙuri da rubutun yanda ya zo. Abin da ya sa na zauna ina ta danna waya tun bayan sallar isha'i shi ne wani rubutu da kuka fitar a shafin girke-girke kwanakin baya a kan shayin ulong, wanda ake rubutawa oolong a jikin kwali, inda mai rubutun ta ce a zuba cokali biyu a tukunya a sa citta da kanumfari da na'a-na'a a bar shi ya tafasa minti 10 sannan a tace a sa zuma, wai yana rage tumbi. Wallahi da na karanta sai da na ajiye jaridar na yi salati. Ba wai na ga laifinta ba ne, don ni ma irin aika-aikar da na fara yi ke nan, amma tun da yanzu shayin nan ya fara yawa a gari, masu zuwa Chaina suna kawo shi tsaraba, wasu kuma suna sayar da shi a Instagram da tsada, ya kamata a ce wani ya fito ya faɗa cewa wannan ganyen ba na tafasawa ba ne. In ka tafasa shi to kuɗinka ka tafasa.

Farkon zuwana birnin Gwanzu na Chaina wani mai masaƙa da muka yi ciniki da shi ya ba ni wani jan kwali, a ciki akwai ƙananan ledoji a matse kamar an tsotse musu iska. Na dawo gida na buɗe ɗaya na ga ganye kore a dunƙule, ƙwaya-ƙwaya, sak irin ganyen shayin da Buzaye ke dafawa mai lamba 3505 ɗin nan, sai dai ya fi shi girma kaɗan. To me zan jira? Na miƙa wa yaron shagona wanda duk layinmu an san shi da iya haɗa shayi, ya hura kurfoti ya ɗora buta ya zuba leda uku a tashi ɗaya, ya bar shi yana ta ɓararraka, ya danna sukari ya yi ta ɗagawa yana zubawa har ya yi kumfa. Muka kurɓa muka kalli juna. Ga ɗaci ga bauri, ba shi da ƙarfin namu kuma ba shi da wani ƙamshi, wani maƙwabcina ya ce ai dama mutanen nan ba sa ba ka abin kirki kyauta. Sauran ledojin suka yi wata da watanni a durowa tare da rasitai.

Sai a tafiyata ta gaba, lokacin baje kolin Canton na watan Oktoba, tafintana ya ji ina wannan ƙorafi ya yi dariya ya ce gobe in mun gama da kaya zai kai ni Fangcun. Malam Edita kasuwar shayi ce zalla, unguwa guda, shaguna ba iyaka, ka ɗauka Kwari ce amma maimakon atamfa da shadda ganyen shayi ne tun daga ƙasa har bene. Muka shiga shagon wata mata 'yar asalin Anxi da ke lardin Fujian, inda nan ne gidan wannan shayi da aka ba ni, sunansa Tieguanyin. Sunan ma na wata abar bautarsu ce ta addinin Budda, na faɗa ne don kar wani ya ji daga baya ya ce an ɓoye masa, amma suna ne kawai, abin da ke cikin ledar ganye ne ba wani abu ba.

Ta zaunar da mu gaban wani tebur na katako mai magudanar ruwa a jikinsa. Ta ɗauko wani ɗan farin kofin tangaran mai murfi da ɗan faranti a ƙasa, gaiwan suke ce masa, bai fi ya ci ruwa mililita 120 ba. Ta fara watsa masa tafasasshen ruwa ta zubar, ta yage leda ɗaya mai giram 7 ta juye a cikin kofin da zafinsa ta rufe ta ɗan girgiza ta miƙo min ta yi min alama in shinshina. Tun daga nan jikina ya fara sanyi. Ta zuba ruwa ta tsiyaye nan take ta zubar da shi, wannan wankin ganye ne da tashinsa daga barci, sannan ta sake zubawa ta rufe, ban gama gyara zama ba ta riga ta tsiyaye, daƙiƙa 20 ko ƙasa da haka. Ba kai tsaye ta zuba mana ba, sai da ta juye a wani ɗan jug na gilashi da suke kira kofin adalci, don kar na farko ya samu mai ruwa-ruwa na ƙarshe ya samu mai kauri, daga nan ta raba a wasu 'yan finjalai da ba su fi kurɓa uku ba. Ruwan ba baƙi ba ne ba ja ba, rawaya ne mai haske da ɗan kore-kore. Ta ɗaga murfin ta kawo min hanci. Ka san irin ƙamshin da ke tasowa in ka wuce ta gidan da aka shuka furanni bayan magariba an yi musu ban ruwa? To shi, amma mai sanyi, ba mai hawa kai ba. Na ce da tafinta ya tambaye ta wane turare suke sawa. Ta yi dariya ta sa hannu ta zaro ganye ɗaya da ya warware ta shimfiɗa a tafin hannunta, cikakken ganye ne mai tsawon ɗan yatsa, tsakiya kore gefe-gefen da ɗan ja-ja, ta ce ga turaren nan. Ganyen nan guda sau 7 ta zuba masa ruwa muna sha, kuma kowane zagaye da yanda yake.

Abin da na fahimta daga baya, bishiyar shayi ɗaya ce a duniya, da koren shayi da baƙin da ke cikin Lipton da ulong duk ita ce uwarsu, aikin da aka yi wa ganyen bayan an tsinko shi ne ya raba su. Ka ga in ka ɓare farin goro ka ajiye shi yanda yake rinewa ya koma ja saboda iska ta taɓa shi? Haka ganyen shayi yake yi in an murje shi. Koren shayi ana tsinkowa ake sa masa zafi don a hana shi rinewa, baƙin shayi a bar shi ya rine gaba ɗaya, shi kuwa ulong a tsakiya ake tsayar da shi, kuma a nan gwanintar take. Sai a shanya ganyen a rana ya ɗan yi yaushi, a shigar da shi ɗaki a zuba a faifan gora ko a wani gangan gora mai juyawa a yi ta girgizawa ana hutawa ana sake girgizawa kusan kwana ake yi a kai, gefen ganyen yana ƙujewa yana rinewa, mai aikin yana bi da hanci har sai ya ji warin ɗanyen ganye ya tafi ƙamshin fure ya fito, a daidai nan sai ya sa masa wuta ya tsayar da shi. Bayan haka a naɗe a ƙyalle a yi ta matsawa har ya dunƙule, a busar, wani kuma a gasa shi a kan gawayi. Mutum ya kwana yana wannan wahala don ya kamo ƙamshin da tafasawa ke korar sa, kai kuma ka zo ka ɗora a wuta minti 10 da kanumfari, ai ka ga ba a yi masa adalci ba. Ƙamshin ya bi tururi ya tafi, abin da ya rage a tukunya baurin ne kawai.

To masu ƙamshin furen nan kala uku ne a kasuwa, kuma ya kamata mai saye ya san wanne ya riƙo. Akwai wanda ƙamshin nasa ne na kansa, ba a haɗa shi da komai ba, irin Tieguanyin ɗin nan, da Baozhong na yankin Pinglin a Taiwan, da na kan tsaunin Alishan wanda ake nomawa sama da mita 1,000. Gwanayen wannan fanni su ne Dancong na dutsen Fenghuang kusa da birnin Chaozhou a lardin Guangdong, su ganyensu dogo ne a murɗe ba a dunƙule ba, kuma kowane iri da sunan ƙamshin da yake bayarwa ake kiran sa, wannan mai zuma da fure, wancan mai wani ƙamshin daban. Akwai ma wanda sunansa Ya Shi Xiang, wato ƙamshin kashin agwagwa, ranar da aka fassara min na ture kofin, ashe yana cikin mafi daɗinsu, labarin da suke bayarwa wai manomin ne ya laƙaba masa mummunan suna don kar maƙwabta su sace masa iri.

Na biyu shi ne wanda aka kwantar da shi da furen gaske. A shimfiɗa ganye a shimfiɗa ɗanyen fure a kai a bar su su kwana, ganyen ya zuƙe ƙamshin, a sake busarwa, mai kyau ma sai a maimaita da sabon fure. An fi yi da yasmin da kuma wani ɗan mitsitsin fure rawaya da suke kira guihua wanda ke fitowa da kaka, shi ne ma aka sa wa birnin Guilin sunansa. Wannan ba algus ba ne, sana'a ce tsohuwa, kuma mai guihua ɗin shi na fi ba wa baƙin da ba su saba ba don yana da wani ɗan zaƙi-zaƙi a hanci kamar mangwaron da ya fara nuna.

Na ukun shi ne matsalar, wanda aka fesa wa turaren kanti. Yawancin abin da ake tallatawa da sunan ulong mai ƙamshin madara a nan yake. Asali akwai wani iri a Taiwan mai suna Jin Xuan da masu bincikensu suka fitar a 1981, shi da kansa yana da ɗan maiƙo-maiƙo a baki kamar an ɗiga madara, amma kaɗan ne ƙwarai sai ka natsu. In ka buɗe leda ƙamshi ya buge ka kamar ka shiga shagon alawa, to fesawa aka yi. Gane shi ba wuya, ka zuba masa ruwa sau uku. Na feshi zagayen farko zai cika ɗaki, na biyu ya ragu, na uku ya koma salam kamar ruwan ɗumi. Na gaske kuwa a bushe ba ya cika baki, sai a zagaye na biyu da na uku yake buɗewa.

Yanzu yanda za a yi shi a gida, don na san ba kowa ke da gaiwan ba kuma ba dole ba ne. Ni kaina a shago ƙaramar butar tangaran nake amfani da ita, wani lokacin ma kofi biyu da rariya. Abu ɗaya dai, kar a yi shi a butar da aka saba dafa shayin citta, don ƙarfen ya riga ya riƙe ƙamshin kayan yaji ko an wanke. A tafasa ruwa shi kaɗai a sauke, in koren ulong ne a ba shi kamar minti ɗaya ya sauko wajen digiri 90 zuwa 95, in gasasshe ne mai duhu a zuba da zafinsa. Mutanen Jos ku ba sai kun jira ba, tsayin garinku ya sa ruwanku a wajen digiri 96 yake tafasa. A ɗauraye butar da kofunan da ruwan zafi tukuna, musamman da hunturu da tangaran ke yin sanyi ƙalau ya shanye zafin ruwan kafin ya taɓa ganye. In ƙaramar buta ce a zuba ganye ya rufe gindinta kawai, kar a ga kamar ya yi kaɗan, wannan 'yan ƙwayoyin in suka warware sai sun cika butar har murfi. Zagayen farko daƙiƙa 20 zuwa 30, a tsiyaye tas kar a bar ko ɗigo a ciki don shi ke jawo ɗaci a na gaba, kowane zagaye a ɗan ƙara lokaci. Wanda kuma ba shi da wannan sukunin, cokalin shayi ɗaya a babban kofi, minti 2 zuwa 3, a tace, kuma kar a zubar da ganyen don zai ƙara bayarwa sau biyu ko uku.

Maganar ruwa kuwa ita ce ta fi ba ni wahala da na dawo. Na yi komai yanda matar nan ta yi amma shayin ya fito a dushe, har na fara zargin ko ta sauya min kaya, ashe ruwan burtsatsen gidanmu ne mai zartsi, wanda ke barin farin dasashi a gindin buta. Ranar da na gwada da ruwan roba sai ga ƙamshin ya dawo. Na famfo ma in yana warin magani a tara shi a bar shi ya kwana a buɗe.

Sai sha. Don Allah kofin farko dai a daure a sha shi babu sukari babu madara, na san abin da nake roƙo babba ne a wurin Bahaushe, ni ma da farko ji na yi kamar ana ba ni ruwan wanke kofi. A fara da shinshina murfin butar, sannan a kurɓa kaɗan a zuƙo shi da iska har ya yi ƙara, a wurin 'yan Chaina wannan ba rashin ladabi ba ne, a bar shi ya zagaya baki a haɗiye a rufe baki a fitar da numfashi ta hanci, a nan furen yake fitowa. Sannan a jira. Duk mai cin goro ya san yanda in ka gama taunawa ka sha ruwa sai ka ji wani zaƙi ya taso daga maƙogwaro, to shayin nan mai kyau haka yake yi, har suna da sunan abin, huigan, zaƙin da ke dawowa, kuma da shi ake gane mai tsada da mai araha. In kofin ya ƙare kar a yi saurin ajiyewa, a shinshina gindinsa bayan ya ɗan huce, wani lokacin ya fi shayin kansa ƙamshi. Kuma kar a sha shi bayan an ci kilishi ko an tauna goro, ko a ɗakin da Hajiya ta sa turaren wuta, ba abin da za a ji. Na taɓa haɗa wa surukina a falo bayan an turara shi da safe, ya sha ya ce Alhaji ruwan zafin ya yi daɗi.

Wannan ya kawo ni ajiya. Ganyen shayi ɓarawon wari ne, abin da ya sa yake ɗaukar ƙamshin yasmin shi zai sa ya ɗauki na daddawa. In an buɗe leda a matse iskar a ɗaure a sa a gwangwani mai murfi, nesa da kicin da rana da kabad ɗin humra. Su can koren Tieguanyin a firij suke ajiye shi, amma da irin wutarmu da za a kawo a ɗauke ledar ta yi ta gumi gara a sayi kaɗan a shanye cikin 'yan watanni, ko a sayi gasasshen da ya fi jure zafinmu. Masu tafiya baje kolin Oktoba ku kuka fi dacewa, lokacin ake tsinkar na kaka a Anxi kuma su da kansu suna cewa na bazara ya fi daɗin ruwa, na kaka ya fi ƙamshi.

Batun rage tumbi kuma, Malam Edita, shekara nawa ina shan abin nan kusan kullum kuma telana bai taɓa rage min awon wando ba. Shayi ne ba magani ba. In mutum ya bar shayi mai cokali huɗu na sukari da madarar gwangwani ya koma wannan, to sukarin da ya bari ne zai taimake shi. Ulong ɗin yana da sinadarin nan mai hana barci irin na goro da kofi, don haka mai fama da rashin barci kar ya sha da dare, kuma da yunwa yana iya sa jiri, su kansu 'yan Chaina suna ajiye ɗan abin taɓawa a gefe. Masu sayar wa mata shi ninki biyar da sunan shayin silimin su ji tsoron Allah.

Kar kuma wani ya ce na je Chaina na dawo ina raina namu. Har gobe in na ji ƙamshin shayin Buzu a bakin layi sai na tsaya, kuma shi ma ganyen nasa daga Chainan ake kawo shi, galibi daga lardin Zhejiang, shi an yi shi ne ya jure wuta da sukari da zagaye uku ana hira. Wanda ya ce zai jiƙa shi daƙiƙa 20 ya sha babu sukari shi ma ya ɓata shi. Har ina tunanin mutanenmu na Kakara a kan tsaunin Mambila, da ke noman shayi a tsayin da ya kai na wasu gonakin Taiwan ga sanyi ga hazo, me zai hana wani ya gwada yin irin wannan da ganyensu ko da buhu ɗaya ne mu ɗanɗana?

Roƙona dai a gyara wancan rubutun, ko a ce da mai shafin ta sake gwadawa yanda na faɗa ta gaya wa masu karatu abin da ta ji. In kuma hanya ta biyo da kai Kwari bayan la'asar ka tambayi shagon da ake shan shayi a finjali babu sukari, 'yan layin za su nuna maka suna dariya, akwai sauran leda huɗu na mai guihua da na ɓoye wa yaron shagon.

Naku mai karatu kullum,
wani ɗan kasuwa daga Fagge, Kano.